Tarihin Girafin da Zafin Wayar Salula

A watan Janairun 2001, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi gwanjon lasisin wayar salula a Abuja a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya, kuma kafin watan Agusta ya fita Econet da MTN sun fara aiki. Sannu a hankali turakun sadarwa suka baro manyan birane suka iso ƙasar Daura, har Mai'adua da ke bakin iyakar Nijar, inda kasuwar Lahadi ke tara fataken dabbobi na ƙasashen biyu. Dillalin da a da sai ya tura yaro ya tsallaka iyaka ta Kongolam kafin ya ji farashi, sai ga shi yana ƙulla ciniki daga inuwar rumfa.

Ƙananan wayoyin farko ba su cika ɗaukar zafi ba. Larurar ta bayyana ne da zuwan manyan wayoyi masu intanet, musamman a bazara, lokacin da zafin Afrilu kan haura digiri 40: a teburin mai caji wayoyi na jere bisa katako, wasu ba sa taɓuwa, wasu batirinsu ya kumbura har ya ɗaga gilashi. Wani ɓangare na dalilin yana can ciki, domin ƙwaƙwalwar waya a lulluɓe take da ƙaron roba mai suna ifoksi, wanda ke tare lantarki da danshi, amma kuma yake riƙe zafi. Jan ƙarfe ya fi shi saurin fitar da zafi kusan sau dubu biyu.

Mafitar ta ɓullo daga inda ba a zata ba. A 2004, a Jami'ar Manchesta ta Ingila, Andre Geim da Konstantin Novoselov suka riƙa manna salatif a kan girafait, wato baƙin da ke cikin fensir, suna ɓarewa, har suka sami ɓawon da kaurinsa bai wuce ƙwayar zarra ɗaya ba, mai tsari kamar saƙar zuma. Shi ne girafin. A 2008 Alexander Balandin da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside suka auna shi, suka tarar ya ninka jan ƙarfe wajen tafiyar da zafi, sannan a 2010 aka ba mutanen Manchesta biyun kyautar Nobel.

A nan ne murna ta ci karo da cikas, domin girafin na tafiyar da lantarki kamar yadda yake tafiyar da zafi, kuma duk abin da zai rungumi ƙwaƙwalwar waya dole ya hana wuta tsallakawa, in ba haka ba ya ƙone ta. Shekarun da suka biyo baya sun tafi ne wajen horar da shi. Wasu masana suka haɗa shi da iskar oksijin don ya daina ɗaukar wuta, amma ya yi asarar yawancin ƙarfinsa na fitar da zafi. Wasu suka barbaɗa shi kaɗan a cikin ifoksi yadda ɓarɓashinsa ba zai taɓa juna ba, ko suka suturta shi da silika. Wasu kuma suka koma ga boron naitirayid, mai irin tsarinsa, wanda ke wuce da zafi ya tare lantarki. A ganina wannan aiki na haƙuri ya fi labarin salatif cancantar a tuna da shi.

A watan Oktoban 2018 kamfanin Huawei na Sin ya fito da wayar Mate 20 X, mai shimfiɗar girafin don sanyaya ciki. A Disambar 2021 Najeriya ta sayar wa kamfanonin MTN da Mafab lasisin 5G, fasahar da ta zo da sabon sharaɗi: lulluɓin da zai fitar da zafi ya tare wuta, dole ne kuma kada ya shanye siginar da eriya ke aikawa, alhali girafin, idan ya yi yawa, yana shanye ta.