Siffofi da Rabe-raben Lambar Fermat ta Biyar, 4,294,967,297

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci lambar 2³² + 1, wato 4,294,967,297: yadda take rabuwa, ajin da take ciki, da dalilin da ya sa ta yaudari masana kusan ƙarni guda. A nan, firam na nufin lambar da ba ta rabuwa ba saura sai da 1 da ita kanta.

Gabatarwa

A 1640 masanin lissafin Faransa, Pierre de Fermat, ya yi hasashen cewa duk lambar da ke cikin jerin 2^(2ⁿ) + 1, inda n ke farawa daga 0, firam ce. Biyar ɗin farko, 3, 5, 17, 257 da 65,537, sun gaskata shi. A kan 4,294,967,297, inda n yake 5, maganar ta karye, lokacin da Leonhard Euler ya nuna a 1732 cewa ita ce 641 × 6,700,417.

Hujjar rabuwa

Euler ya gano cewa duk firam ɗin da zai raba wannan lamba dole ya zo da siffar 64k + 1. Wannan ya taƙaita aikin ƙwarai: 193, 257, 449, 577, sai 641. Daga baya Édouard Lucas ya matse sharaɗin zuwa 128k + 1, inda 257 kaɗai ke gaban 641.

Hujjar ita kanta gajera ce, kuma a ganina tana cikin mafi kyawun abin da malami zai iya rubutawa a allo. Ana iya rubuta 641 ta hanya biyu: 5 × 2⁷ + 1, ko 5⁴ + 2⁴. A lissafin saura bisa 641, ta farko na nufin 5 × 2⁷ daidai yake da −1, don haka 5⁴ × 2²⁸ daidai yake da 1. Ta biyu kuwa ta ce 5⁴ daidai yake da −2⁴. Idan aka haɗa su, 2³² ya zama −1, wato 641 ta raba 2³² + 1 ba saura.

Ajinta

Lambar mara ce, kuma firam biyu kacal suka haɗa ta. Masu raba ta, ban da ita kanta, jimillarsu 6,701,059, wadda ba ta kai lambar ba, don haka tana cikin lambobi masu gibi, gibin ma mai yawa. Tana kuma fitowa daga tara murabba'i biyu ta hanya biyu: 65,536² + 1², da 62,264² + 20,449². Firam ba ya yin haka, saboda haka wannan ma shaida ce mai zaman kanta.

Abin da ya fi jan hankali shi ne, tana cin gwajin Fermat na tantance firam da tushe 2 tamkar firam na gaske. Gwajin Pépin na 1877, da tushe 3, shi ke tona asirinta. Har yau ba a samu firam ko ɗaya a jerin ba bayan 65,537.