Yadda Turmutsitsi Ya Sauya Titunan Mina

Duk wanda ya sauke farali ya san aikin Hajji aikin ƙafa ne. Daga Arfa zuwa Muzdalifa, daga tantunan Mina zuwa wurin jifa, mutum da sawunsa yake cika ibada. Amma an daɗe kafin a fara kallon titin da alhaji ke takawa a matsayin abin da zai iya ceton ransa ko ya halaka shi.

A ranar 2 ga Yulin 1990, mutum 1,426 suka rasu a hanyar ƙarƙashin dutse ta Mu'aisim, wadda aka haƙa domin masu tafiya a ƙasa tsakanin Mina da Makka. Daga nan musibar ta koma gadar Jamra. An yi turmutsitsi a 1994 da 1998, a 2004 mutum 251 suka rasu, a Janairun 2006 kuma fiye da 340.

Bayan 2004 ne aka maye gurbin ginshiƙan jifa da dogayen bangaye, don kada jama'a su taru wuri guda. Bayan 2006 aka rushe tsohuwar gadar, aka gina sabuwa mai hawa biyar. Masana irin su Dirk Helbing sun nazarci bidiyon abin da ya faru, suka nuna cewa idan cunkoso ya kai wani mataki, mutum ba ya iko da ƙafarsa, taron ne ke jefa shi nan da can. Shi ya sa aka raba hanyar zuwa da ta dawowa, aka ba kowace tawaga lokacin jifanta. A 2010 jirgin ƙasa ya fara jigila tsakanin Arfa, Muzdalifa da Mina.

Gadar ta samu lafiya, amma haɗarin ya koma kan titunan da ke kaiwa gare ta. A ranar 24 ga Satumban 2015, ayari biyu suka yi karo a mahaɗar titi na 204 da na 223. Saudiyya ta ce mutum 769 suka rasu, ƙididdigar kamfanin dillancin labarai na AP kuwa ta haura 2,400. Cikinsu akwai 'yan Nijeriya da Nijar da dama, har da 'yar jarida Hajiya Bilkisu Yusuf da Farfesa Tijjani El-Miskin.

Yanzu kuma babbar barazana ita ce rana. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, mutum 1,301 suka rasu, akasarinsu marasa izinin Hajji da suka yi doguwar tafiya ba inuwa. Hukumomi na ƙara rumfuna da na'urorin fesa ruwa, suna kuma shafa wa kwalta farin fenti mai rage zafi.

Kusan kowane gyara a Mina sai da aka yi jana'iza kafin a yi shi. Alhajin da ya kiyaye lokacin jifan tawagarsa, ya ƙi bin hanyar da ta saɓa wa ta jama'a, yana cin moriyar ilimin da aka saya da rayukan dubban bayin Allah. Allah Ya jiƙansu da rahama.