TSINKAU-TSINKAU: YADDA AKA GANO RIGAKAFIN JARIRI A DAMTSEN UWARSA

Yau na ajiye labarin soyayya, zan ɗauko tarihin wata cuta da ta daɗe tana raba iyaye mata da jariransu a ƙasar Gumel, tun daga Maigatari har Gagarawa da Sule Tankarkar.

Duk wanda ya tashi a karkara ya san yadda take. A haifi yaro lafiya lau, ana shirin suna sai ya ƙi kama nono, bakinsa ya ƙulle, jikinsa ya sandare yana zabura. Tsofaffi su ce iska ce, wasu su ce mayu. Likitoci kuwa sun gano ƙwayar cutar tana zaune ne cikin ƙasa da kashin dabbobi, tana shiga ta cibiya in an yanke ta da reza mara tsabta, ko an shafa mata toka ko wani abu mai datti.

A 1924 aka haɗa allurar rigakafinta, bisa dabarar da wani Bafaranshe, Gaston Ramon, ya gano. To amma jaririn da cuta za ta kama cikin kwana bakwai, yaushe za a yi masa allura har ta yi aiki? Amsar ta fito daga wasu ƙauyuka masu fama da rashin asibiti irin namu. A 1961 Schofield da abokan aikinsa suka nuna a Papua New Guinea cewa in an yi wa mai ciki allurar, kariyar da jininta ya samu tana ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan. A 1966 Newell ya tabbatar da haka a Kolombiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta jarirai 787,000 cutar ta kashe a 1988. A 1989 aka ƙudurta kawar da ita, zuwa 2018 adadin ya sauko kusan 25,000. A Nijeriya kudu maso gabas ce ta fara kaiwa gaci a 2017.

Mu a Arewa tafiyarmu ta yi nauyi, kuma da dalili. Gwajin maganin Trovan a Kano a 1996, da ƙauracewa allurar shan inna a 2003, sun bar zargi a zukata. Ni ban ga laifin mai tambaya ba. Sai dai wannan allura ta haura shekara 60 ana yi wa masu ciki. Ta farko da ta biyu wata guda ne tsakaninsu, in mace ta cika biyar ta samu kariya duk shekarun haihuwarta. Wannan dabarar ce kuma aka bi har aka samu wata allurar masu ciki a 2023, mai kare jarirai daga wata cutar numfashi.

An kawar da agana daga duniya, amma tsinkau-tsinkau ba za ta ƙare haka ba, tunda a ƙasa take. Kowace uwa sai ta je da kanta. Duk Alhamis Maigatari cike take da magidantan da ba sa wasa da rigakafin shanunsu. Malam, maiɗakinka fa, ka ba ta izini da kuɗin mota ta je awo?

Allah Ya raya mana zuri'a, amin.