Hasken da Ido Ba Ya Gani: Daga Buhun Hatsi Zuwa Ƙwaƙwalwar Jariri

Da kaka, idan mai sayen hatsi ya tsaya gaban buhu a Kafinsoli ko wata kasuwa ta ƙasar Kankiya da Kusada, yakan tura hannu can ciki ya ɗebo, ya murza, ya jefa ƙwaya ɗaya a baki ya ciza. In ta yi ƙas, ta bushe. In ta lotsa, da sauran danshi, kuma ya san in ya ajiye ta haka za ta yi hunhuna. Gwaji ne mai kyau, amma iyakarsa ke nan. Haƙori ba zai faɗi yawan furotin da ke cikin wake ba, ko yawan man da ke cikin gyaɗa, balle ƙarfin da ya rage wa ƙasar da aka noma su.

Maganar ƙarfin ƙasa ba baƙuwa ba ce a Kafinsoli. Garin na cikin wuraren da masu binciken aikin gona na Samaru suka yi gwaje-gwajen taki tun shekaru masu yawa, kuma ita cibiyar Samaru an kafa ta a 1922, ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A wancan zamani, sanin abin da ke cikin ƙasa sai an haƙa, an ƙulla, an kai ɗakin gwaji, an jiƙa da sinadarai, an jira. Yau akwai na'urar da ake haska wa ƙasar ko hatsin, ta ba da amsa kafin a cika minti guda. Irin hasken da take amfani da shi kuma shi likitoci ke bi su leƙa jinin da ke ƙwaƙwalwa ba tare da an tsaga kai ba.

Asalin labarin a Ingila yake, a 1800. William Herschel, masanin taurari haifaffen Jamus, ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, hasken ya warwatsu zuwa launukan bakan gizo. Ya riƙa ɗora ma'aunin zafi a kan kowane launi, ya ga zafin yana ƙaruwa in ya nufi ja. Da ya zarce jan, ya ajiye ma'aunin inda ba a ganin komai, sai zafin ya fi na ko'ina. Ashe akwai haske a nan, ido ne bai kai gare shi ba. Shi ake kira infirared, ɓangarensa da ke maƙwabtaka da ja kuma, daga tsawon zango nanomita 780 zuwa 2500, shi ne infirared na kusa. Mai son ganinsa ya ɗauki rimot ɗin talabijin ya danna yana kallon bakinsa ta kyamarar waya. A wayoyi da yawa zai ga ɗan haske yana ƙiftawa inda idonsa bai ga komai ba.

Abney da Festing sun ɗauki hoton yadda ruwaye daban-daban ke shan wannan haske a 1881, Coblentz a Amurka ya faɗaɗa aikin wajen 1905. Daga nan sai aka yi watsi da shi. Masana sinadarai sun ga alamomin da yake bayarwa a cakuɗe suke, na ruwa sun hau kan na mai, na mai sun hau kan na furotin, ba mai iya karanta su.

Wanda ya warware ƙullin ba masanin sinadarai ba ne, injiniyan aikin gona ne. Karl Norris yana aiki da ma'aikatar gona ta Amurka a Beltsville, ya fara da haska ƙwai don gano mai ɗigon jini a ciki, a shekarun 1960 ya koma kan danshin hatsi. Ruwa na shan wannan haske sosai a wajen nanomita 1450 da 1940, furotin da mai su ma kowanne da inda yake sha. Norris bai tsaya ƙoƙarin karanta alamomin da ido ba. Ya tara samfura masu yawa waɗanda aka riga aka auna a ɗakin gwaji, ya haska kowanne, ya bar lissafi ya gano dangantakar da ke tsakanin hasken da ya dawo da adadin da aka sani. Na'urar ta zama kamar ɗan koyo a wurin dillalin hatsi: abin da aka nuna masa ya sani, buhun da bai taɓa ganin irinsa ba zai iya ruɗa shi. A ganina, duk wanda ya riƙe wannan ya fahimci amfanin fasahar da kuma hatsarinta.

Kasuwa ce ta fara runguma. A Kanada ana biyan kuɗin alkama gwargwadon furotin ɗinta, kuma hanyar aunawa a lokacin ita ce ta Kjeldahl, wadda aka ƙirƙira a Denmak a 1883: a dafa samfurin cikin asid, irin ruwan batir, a ɗauki sa'o'i ana shaƙar hayaƙi. Phil Williams na hukumar hatsi ta Kanada ya nuna cewa haske zai yi wannan aiki, a tsakiyar shekarun 1970 hukumar ta koma kansa. Daga alkama aka wuce zuwa madara, abincin dabbobi, magunguna, har da robobin da ake tantancewa a bola.

Ƙasar noma ta Afirka ta shigo ne ta Nairobi. A 2002 Keith Shepherd da Markus Walsh na cibiyar binciken itatuwa da noma da ke can suka wallafa aikinsu na tara taskar samfuran ƙasa da aka haska, a 2009 aka ƙaddamar da shirin taswirar ƙasar noma ta nahiyar, wanda ya dogara da infirared na kusa da na tsakiya. Hasken yana iya faɗin yawan laka da yashi da ruɓaɓɓen tsiro da ke cikin ƙasa, amma yana rauni wajen fosfaras ɗin da shuka ke iya sha, wanda kuwa yana cikin manyan abubuwan da suka yi ƙaranci a jigawar arewacin Nijeriya. Manomin gero a Kafinsoli ya cancanci a gaya masa wannan gaskiya kafin a karɓi kuɗinsa na gwajin ƙasa.

Hanyar asibiti daban ta biyo. Kunna tocila ka rufe bakinta da yatsu cikin duhu, za ka ga naman ya yi jawur, saboda jan haske na ratsa jiki, infirared na kusa kuma ya fi shi ratsawa. Frans Jöbsis na Jami'ar Duke a Amurka ya lura da cewa har ƙashi wannan haske ke wucewa, bayan ya ɗaga ƙashin naman saniya ya duba shi a gaban fitila. A 1977 ya wallafa a mujallar Science cewa ana iya bin iskar oksijin da ke ƙwaƙwalwa daga wajen kai. Dalili kuwa, jinin da ke ɗauke da oksijin da wanda ya sauke shi ba su shan hasken daidai. In aka manna fitila da mai karɓar haske a fatar kai, tazarar santimita uku a tsakaninsu, hasken zai shiga ya kewayo ta saman ƙwaƙwalwa ya fito da labarin jinin da ya ratsa. Ba ya kaiwa can ciki, iyakarsa ɓawon ƙwaƙwalwa. A 1993 ƙungiyoyin masana a Japan da Jamus da Amurka suka nuna cewa ana ganin ɓangaren da ke aiki yayin da mutum ke tunani, domin jini na ƙaruwa a wurin.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne abin da aka yi a Keneba, wani ƙauye a Gambiya. A 2013 Clare Elwell da Sarah Lloyd-Fox da abokan aikinsu daga Landan suka kai na'urar can, suka sanya wa jarirai 'yar hula mai fitilu, jariri na zaune a cinyar uwarsa yana kallon hotunan mutane. Ba allura, ba maganin barci, ba katafaren injin da ke buƙatar gini na musamman. Daga baya suka bi yara kimanin 200 tun daga haihuwa, don ganin abin da ƙarancin abinci ke yi wa ƙwaƙwalwa kafin yaro ya iya magana. Jihar Katsina na cikin wuraren da tamowa ta fi addabar yara, saboda haka tambayar Keneba tamu ce.

Sai dai matsalar ɗan koyon nan ta biyo fasahar har gadon asibiti. 'Yar na'urar da ake maƙala wa yatsa don auna oksijin, wadda Takuo Aoyagi ya ƙirƙira a Japan a farkon shekarun 1970, da jan haske da infirared take aiki. A 2020 wani bincike na Jami'ar Michigan ya gano cewa takan nuna oksijin ya wadata alhali ya yi ƙasa, kuma hakan ya fi faruwa ga baƙar fata kusan ninki uku a kan farar fata. Baƙin fata na shan wani ɓangare na hasken, su kuma na'urorin an fi daidaita su a jikin fararen fata. Hulunan auna ƙwaƙwalwa ma sukan sha wahala da gashi baƙi mai kauri, balle kitso.

Haka abin yake a gona. Lissafin da aka gina kan alkamar Kanada ba zai auna maiwa da ƙaura da harawa daidai ba, sai an haɗa samfuranmu, an auna su ta tsohuwar hanya, an koya wa na'urar. Aiki ne mai cin lokaci, ba ya kuma ɗaukar ido, amma akwai masu iya yin sa kusa da gida: Samaru tana nan, ga tsangayar aikin gona a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ga reshen cibiyar IITA a Kano da ya daɗe yana aiki kan wake. Filayen gwaji irin na Kafinsoli, inda aka san abin da aka shuka da takin da aka zuba shekara da shekaru, su ne wurin da ya fi dacewa a fara ɗibar ƙasar.