Wace Bindiga Ce Ta Dace da Giwa? Gardamar da Ta Haura Shekara 100

1/ Zaren yau na tarihi ne, kan abin da ba a cika taɓowa a nan ba: yadda maharban manyan namun daji suka daɗe suna gardama kan bindiga, harsashi da madubin da suka dace da giwa da ɓauna. Har maharbanmu na Hausa suna cikin labarin. Ku gyara zama. 🧵

2/ Abin da na fahimta daga karatun da na yi shi ne, maharbi bai taɓa zaɓar bindiga shi kaɗai ba. Abu uku ke taya shi zaɓe: irin albarushin zamaninsa, dokar masu mulki, da abin da kafaɗarsa za ta iya ɗauka. Ku riƙe ukun nan, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

3/ Mu fara da ita kanta giwar. Toron giwa yakan kai tan 6. Ƙwaƙwalwarsa tana can ciki, bayan ƙashi mai kauri mai ramuka-ramuka kamar saƙar zuma. In harsashi bai ratsa ya isa can ba, ka dai tsokano shi ne kawai. Kuma mutum ba ya tsere wa giwa da gudu.

4/ A shekarun 1860 da 1870, baƙin albarushi ake da shi, irin na bindigar toka. Ba ya iya tura harsashi da gudu sosai. To in gudu ya ƙi, me ya rage? Nauyi. Sai maƙera a Ingila suka shiga ƙera bindigogi masu faɗin baki, ana ɗura musu curin dalma.

5/ Samuel Baker, Baturen da ya bi kogin Nilu har ya isa tafkin Albert a 1864, yana da wata bindiga da ke harba harsashi mai nauyin rabin fam, wato sama da giram 200. Larabawan da ke tare da shi suka laƙaba mata suna 'yar igwa. Ku auna irin shurin da za ta yi wa mai ita.

6/ Frederick Selous ya sauka Afirka ta Kudu a 1871 yana ɗan shekara 19. Bindigarsa ta giwa irin wadda ake ɗurawa ta baki ce, mai lamba 4. Ma'anar lambar: a raba fam ɗaya na dalma gida huɗu, kowane kaso harsashi ɗaya ne. Kusan giram 113 ke nan.

7/ Wata rana bindigar ta ƙi tashi, mai ɗura masa bai lura ba ya ƙara wani ɗurin a kan na farko. Da Selous ya ja kunama, bindigar ta yi jifa da shi, ta tsaga masa fuska. Daga baya ya rubuta cewa shurin waɗannan bindigogi ya ɓata masa saiti, ya yi nadamar amfani da su.

8/ Nan ne darasin kafaɗa. Wanda bindiga ta saba duka, jikinsa yakan zabura tun kafin harsashi ya fita, bakin bindiga ya kauce. Babbar bindiga a hannun mai tsoronta ta fi ƙarama haɗari. Maharba har yau suna maimaita wannan magana.

9/ Sai albarushi ya canza. A 1884 wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya haɗa albarushi marar hayaƙi. A 1889 Ingila ta fito da nata. Yanzu ƙaramin harsashi zai iya gudu ninki, kuma maharbi zai ga abin da ya harba, ba sai ya jira hayaƙi ya washe ba alhali ɓauna na tahowa.

10/ A 1898 kamfanin John Rigby na Landan ya fito da harsashin .450 Nitro Express. Lambar tana nufin faɗinsa, kusan rabin inci. Nauyinsa giram 31 kacal, amma yana gudun mita 650 da ɗoriya a daƙiƙa. Nan take ya zama abin yayi a bindigogi masu baki biyu.

11/ Ga inda doka ta shigo. A farkon shekarun 1900 Turawan Ingila suka hana shigar da harsashi mai faɗin .450 Indiya da Sudan. Tsoronsu shi ne masu bore su samu abin ɗura wa tsofaffin bindigogin soja na Martini-Henry, waɗanda faɗin bakinsu ke nan.

12/ Maƙera ba su zauna ba. Suka ɗan ƙara faɗi, suka fito da .465, .470 da .475, ƙarfi kusan ɗaya da na da, amma doka ba ta kama su ba. Shi .470 ɗin har yau shi ne sarki a bindigogi masu baki biyu. Kun ga tsoron bore ne ya haife shi, giwa ba ta da hannu a ciki.

13/ Mai baki biyu tana da tsada, da hannu ake daidaita bakunan su riƙa kai harsashi wuri guda. Amfaninta: harbi biyu a jere ba tare da ka taɓa komai ba. Talakan Bature mai gona a Afirka ba zai iya sayenta ba, sai ya koma ga Mauser ta Jamus, samfurin 1898, mai sakata da ake ja.

14/ Don irin wannan bindiga mai sakata aka ƙirƙiro harsasan da ake ji da su har yau: 9.3x62 na Otto Bock a Jamus a 1905, .416 Rigby a 1911, sai .375 na Holland & Holland a 1912. Na ƙarshen nan giram 19 ne, ƙarfinsa ya isa ɓauna, shurinsa kuma mutum zai iya jurewa.

15/ Ana cikin wannan sai ga wanda ya rikita lissafi: Walter Bell, ɗan Sukotilan, wanda ake kira Karamojo Bell saboda yankin Karamoja na Uganda inda ya yi farauta. Ya kashe giwaye 1,011. Kusan 800 daga ciki da ƙaramin harsashin soja 7x57, mai giram 11.

16/ Giram 11 fa, a inda Selous ke harba 113. Sirrinsa? Ya sa zarto ya tsaga ƙoƙon kan giwa, ya nazarci inda ƙwaƙwalwa take ta kowace fuska. Kuma yana amfani da harsashi mai rigar ƙarfe, wanda ba ya baje wa, sai dai ya ratsa ƙashi ya miƙe.

17/ Daga nan maharba suka rabu biyu. Masu cewa inda harsashi ya sauka shi ne komai, da masu cewa ranar da saiti ya kuskure, nauyin harsashi ne zai cece ka. A ganina kowanne da gaskiyarsa, amma Bell gwani ne na daban. Kwaikwayon gwani ba tare da iliminsa ba, ganganci ne.

18/ Saura madubi. An fara ɗora madubin hangen nesa a kan bindiga tun ƙarni na 19, an yi amfani da shi a yaƙin basasar Amurka. Amma maharban giwa sun daɗe suna ƙin sa. Harbinsu na kusa ne, mita 20 zuwa 30, ɗan tsinin ƙarfen da ke bakin bindiga ya ishe su saiti.

19/ Madubin lokacin yana yin raɓa a ciki, shuri yana kwance shi, wani lokaci ya daki girar mai harbi. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka samu masu ƙarko da ba sa raɓa. Yau ma don dabba mai haɗari, mai ƙaramin ƙarfi ake zaɓa. In ya jawo hoto da yawa, gashi kawai za ka gani.

20/ To ina namu maharban? A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu kan yarjejeniyar Brussels. Ta taƙaita sayar da bindigogin zamani a babban yankin Afirka da ya haɗa da ƙasar Hausa. Abin da aka bar wa baƙar fata shi ne bindigar ƙanƙara da albarushin kasuwa. Wato harba-ka-ruga.

21/ Lokacin da Bature ke zaɓe tsakanin .416 da .470, maharbin Afirka doka ta riga ta zaɓa masa. Amma maharban Hausa da ke bin giwa har Adamawa da Kamaru suna da dabararsu: sango. Ɗan mashi ne mai dafi, a zura shi a bakin bindigar toka a harba.

22/ Ku dubi hikimar. Bindigar ba ta da ƙarfin fasa ƙashin kai, don haka ba a nemi ta fasa ba. Aikinta ta huda fata ta kai dafi cikin jini, maharbi ya bi sawu. Matsala ɗaya ce da ta Baker da Bell, kowa ya warware ta da abin da ke hannunsa.

23/ Amma a faɗi gaskiya, da sango da Rigby duk kasuwa ɗaya suka yi wa aiki: haure. Ana kai shi Turai da Amurka a yi maɓallan fiyano da ƙwallayen tebur. Da bindiga ta ƙara kyau, giwa ta ƙara ƙaranci. Kenya ta hana farauta a 1977, an hana cinikin haure tsakanin ƙasashe a 1989.

24/ A wasu ƙasashen da har yau ake ba da lasisin farauta, irin su Tanzaniya, doka ta yanke gardamar: .375 ne mafi ƙanƙanta da za ka ɗauka don dabba mai haɗari, don kada a raunata ta ta tafi tana wahala. Da Bell zai dawo da ƙaramar bindigarsa, ba za a bar shi ya harba ba.

25/ A Najeriya kuwa giwa tana ƙarƙashin kariyar doka, harbinta laifi ne. 'Yan kaɗan da suka rage mana a Arewa, mafi shahararsu suna Yankari ta jihar Bauchi, wadda aka buɗe wa jama'a a 1962. Wanda ya je can, kyamara ce makaminsa.

26/ Roƙona: in akwai tsohon maharbi a gidanku ko garinku, ku tambaye shi labarin sango da yadda ake haɗa ɗurin bindigar toka. Turawa sun rubuta nasu a littattafai, namu yana bakin tsofaffi, kuma suna ƙarewa. Abin da kuka jiyo, ku ajiye mana a ƙarƙashin zaren nan.