Najran, Aksum da Makka: Inda Addinai Uku Suka Yi Kiciɓis

A ƙarshen shekarar 523 Miladiyya, kusan shekara hamsin kafin haihuwar Annabi Muhammadu (SAW), rundunar sarkin Himyar, daular Yaman ta wancan zamani, ta yi wa garin Najran ƙawanya. Najran zango ne na fataken turare, a kudancin Saudiyya ta yau, dab da iyakar Yaman. Sarkin sunansa Yusuf, Larabawa kuma sun fi saninsa da Zu Nuwas. Addinin Yahudu yake bi, mutanen garin kuwa da yawansu Kiristoci ne. Marubutan Kirista na zamanin sun ce ya yi musu alƙawarin aminci har suka buɗe masa ƙofa, sannan ya cinna wa cocinsu wuta da mutane a ciki, ya kashe dattijonsu Harisu ɗan Ka'abu tare da waɗanda suka ƙi barin addininsu. Malaman tafsiri da dama suna ganin waɗannan su ne Ashabul Ukhdud da Suratul Buruj ta ambata.

Labarin bai tsaya a bakin waɗanda aka zalunta kaɗai ba. Sarkin yaƙin Yusuf ya sa an sassaƙa bayanin wannan yaƙi a jikin duwatsun Bi'ir Hima, arewa da Najran, kuma rubutun yana nan har yau. Shi kansa Yusuf ya aika wa Munzir, sarkin Larabawan Hira, takarda yana ba shi shawarar ya yi wa nasa Kiristocin haka. Aka yi rashin sa'a, takardar ta iso a farkon 524 lokacin da jakadun Rumawa suke zaune a wurin Munzir. Daga nan magana ta bazu har Iskandariyya da Ƙusɗanɗiniyya.

Wanda ya koyi tarihin Yahudanci da Kiristanci da Musulunci a aji yakan ɗauka kowanne a gonarsa ya tsiro. A gaɓar Bahar Maliya ba haka aka yi ba. Nan sun zauna gari ɗaya, sun ci kasuwa ɗaya, kowa ya san abin da ɗan'uwansa ya yarda da shi, ya kuma san daidai inda zai taɓa shi ya ji zafi.

Me ya kai Yahudanci Yaman tun farko? Asalin addinin na Bani Isra'ila ne, zuriyar Yaƙub ɗan Ishaƙ ɗan Ibrahim, kuma ginshiƙinsa alƙawari ne tsakanin Allah Ɗaya da wannan al'umma, da shari'ar da aka ba Annabi Musa (AS) a Attaura. Ɗaruruwan shekaru ibadarsu tana kewaye da ɗaki guda a Birnin Ƙudus, inda ake yanka hadaya. Bukhtanasar na Babila ya rushe shi wajen 586 kafin Miladiyya, aka sake ginawa, Rumawa suka sake rushewa a shekara ta 70. Rushewa ta biyu ta sauya kamannin addinin baki ɗaya. Da babu wurin hadaya, sai jagoranci ya koma hannun malamai, ibada ta koma karatu da addu'a da kiyaye doka: hutun Asabar, kaciyar ɗa namiji a rana ta takwas, tsantseni wajen abinci, da jiran Almasihu daga gidan Dawuda, wanda a wurinsu sarki ne ɗan Adam. Irin wannan addini ana iya ɗaukarsa a bayan raƙumi. Haka ya isa Yasrib da Khaibar da Yaman.

Wajen shekarar 380 sarakunan Himyar suka daina ambaton gumaka a rubuce-rubucensu, suka koma kiran Rahmanan, Ubangijin sama. Masana da yawa suna ganin da siyasa a ciki. Rum ta zama ta Kirista, Farisa ta Majusawa ce, don haka sarkin da ba ya so ya zama yaron kowa sai ya nemi tauhidin da ba shi da uban gida a ɗayan daulolin biyu.

A ɗaya gefen tekun kuwa Kiristanci ya riga ya kafu. Shi ma daga cikin Yahudawa ya fito. Annabi Isa (AS) a cikinsu aka haife shi, almajiransa na farko Yahudawa ne, a Haikalin Ƙudus suke ibada. Abu biyu suka raba gari. Na farko, mabiyansa sun ce shi ne Almasihun da ake jira, an gicciye shi a zamanin gwamna Bilatus, ya tashi daga matattu, kuma mutuwarsa ita ce ceton 'yan Adam. Yawancin Yahudawa suka ce ba su ga alamun da aka yi musu alƙawari ba. Na biyu, shin baƙon da ya shiga wannan tafarki sai ya yi kaciya ya bi shari'ar Musa? Bulus ya ce a'a, kuma ra'ayinsa ya rinjaya a taron da aka yi a Ƙudus wajen shekara ta 49. Wannan hukunci shi ya buɗe ƙofa ga Girkawa da Rumawa da sauran al'ummai.

Sai dai gardamar da ta fi cin ran Kiristoci a cikin gida take: wane ne Isa ɗin? Taron Nikiya na 325 ya yanke cewa Ɗa da Uba zatinsu ɗaya ne, daga nan aƙidar Triniti ta samu tsayayyen lafazi. Taron Kalsidon na 451 ya ce yana da ɗabi'a biyu, ta allantaka da ta mutuntaka, amma cocin Masar da na Habasha da yawancin na Suriya suka ƙi wannan lafazi suka ware. Habasha ta karɓi addinin tun wajen 340, lokacin da Sarki Ezana na Aksum ya bi koyarwar Frumentiyus, wani mutumin Taya da aka naɗa bishop a Iskandariyya. Ana ganin canjin a jikin kuɗinsa: na farko suna ɗauke da jinjirin wata da faifan rana, na baya suna ɗauke da gicciye. A lokacin mafi yawan Turai ba ta shiga Kiristanci ba tukuna, abin da ya kamata masu kiransa addinin Bature su riƙa tunawa. Cocin Habasha kuma har yau mabiyansa suna kaciya, suna girmama Asabar, ba sa cin alade.

To wannan Aksum ce ta ɗauki fansar Najran. A 525 Sarki Kaleb ya ƙetare teku da jirage, da goyon bayan Sarkin Rum Jastin na Farko, ya karya rundunar Yusuf. Ruwayar Larabawa ta ce Zu Nuwas ya kora dokinsa cikin teku, ba a ƙara ganinsa ba. Kaleb ya naɗa wani Kirista ɗan ƙasa mai suna Sumyafa Ashwa, amma bayan 'yan shekaru wani hafsan sojan Habasha ya hamɓarar da shi. Sunan hafsan Abraha.

Duk yaron da ya yi makarantar allo ya san Abraha da giwarsa da tsuntsaye. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne sarki ne da ya bar rubutu. Wajen 548 ya gyara madatsar ruwan Ma'arib, ya kafa dutse mai dogon bayani, har da jerin jakadun Rum da Farisa da Habasha da suka zo masa. Rubutun Sumyafa, sarkin da Abraha ya gada, ya buɗe ne da ambaton Rahmanan da Ɗansa Kristi. Na Abraha ya buɗe da Rahmanan da Almasihunsa da Ruhu Mai Tsarki, babu maganar ɗa. Masanin nan Bafaranshe Christian Robin yana ganin da gangan aka yi, don kada a tsokani manyan Himyar da ke kan Yahudanci. Idan haka ne, tun kafin Musulunci masu mulki a Yaman sun gane cewa a kan wannan gaɓa ake ɓarewa. Abraha ya gina ƙaton coci a San'a, wanda Larabawa ke kira Ƙullais, kuma ruwayar Musulunci ta ce don ya janye mahajjata daga Ka'aba ya yi. Bayansa mulkin Habashawa bai daɗe ba, Farisawa suka karɓe Yaman wajen 575.

A cikin wannan duniya wahayi ya fara sauka a kogon Hira wajen 610. Saƙon bai zo a matsayin baƙon abu ba, ya zo ne da cewa shi ne addinin Ibrahim da Musa da Isa, an dawo da shi kan asalinsa: Allah Ɗaya ba shi da abokin tarayya, akwai tashin ƙiyama da hisabi, kuma Muhammadu (SAW) shi ne cikamakin annabawa. Da Ƙuraishawa suka matsa wa masu rauni, sai Annabi ya nuna musu Habasha, ƙasar da sarkinta ba a zaluntar kowa a wurinsa. A 615 ayari na farko ya tafi, kimanin mutum 15, cikinsu da Usman ɗan Affan da matarsa Ruƙayya. Na biyu ya haura maza 80.

Abin da ya faru a fadar Najashi, sarkin Habasha, kamar yadda Ibn Ishaƙ ya ruwaito, ya cancanci a tsaya a kansa. Ƙuraishawa suka tura Amru ɗan As da Abdullahi ɗan Abi Rabi'a da tsarabar jemammun fatu, suka fara bi ta kan fadawa. Sarki ya ƙi miƙa baƙinsa sai ya ji ta bakinsu. Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ya yi bayani, ya karanta farkon Suratu Maryam, sarki da limamansa suka yi kuka. Amru bai karaya ba. Washegari ya dawo ya ce a tambaye su me suke cewa game da Isa. Wannan ba tambayar jahili ba ce. Bafatake ne da ya san cocin Habasha ya rabu da Rum a kan abin da bai kai wannan ba. Ja'afar bai yi kwana-kwana ba, ya ce bawan Allah ne, manzonsa, ruhi daga gare shi da kalmarsa da ya jefa ga Maryamu budurwa. Najashi ya ɗauki ɗan tsinke daga ƙasa ya ce bambancin bai wuce wannan ba. Fadawa suka yi gunaguni, kuma ta fuskar aƙidar cocinsu suna da dalili, don tsakanin bawa da ɗa akwai tazara. Sarki dai ya mayar wa Ƙuraishawa tsarabarsu, ya bar Musulmi cikin aminci.

A Madina aka gamu da ɗaya ɓangaren. Ta fuskar kaɗaita Allah da kaciya da haramcin alade, Musulmi sun fi kusa da Yahudawa. Ta fuskar haihuwar Isa ba uba da zamansa Almasihu, sun fi kusa da Kiristoci, ko da yake Alƙur'ani ya ce ba a kashe shi ba, ba a kuma gicciye shi ba. Wata 16 ko 17 bayan hijira aka juya alƙibla daga Ƙudus zuwa Ka'aba, ɗakin da Musulmi suka yarda Ibrahim da Isma'ila ne suka ɗaga ginshiƙansa. Bahaushe ba ya buƙatar dogon sharhi a nan, don ya san 'yan ubanci: uba ɗaya, ɗakin Saratu da ɗakin Hajara, ana ja-in-ja a kan gado. Har ɗan da aka umarci Ibrahim ya yanka ba a daidaita ba. Attaura ta ce Ishaƙ, mafi yawan malaman Musulunci sun ce Isma'ila, amma Ɗabari, babban mai tafsiri, ya karkata ga Ishaƙ.

Wajen 631 tawagar Kiristocin Najran, mahaya kusan 60, ta zo Madina. Aka yi muhawara a kan Isa, kowa ya tsaya a kan bakansa, kuma Ibn Ishaƙ ya ce da lokacin ibadarsu ya yi an bar su sun yi a cikin masallaci suna fuskantar gabas. Aka rabu a kan yarjejeniya: riguna 2,000 duk shekara, su kuma a bar musu cocinsu da limamansu. A zamanin Halifa Umar aka tashe su zuwa kusa da Kufa, aka kuma fitar da Yahudawan Khaibar.

Najashi ya rasu a shekara ta 9 bayan hijira, Annabi ya yi masa sallar ga'ib a Madina. Habasha ta ci gaba da zama daular Kirista mai ɗimbin Musulmi, kuma masallacin ƙauyen Negash a Tigray, inda mutanen yankin ke cewa kabarinsa yake, ya samu lahani a yaƙin da ya ɓarke a 2020. Yahudawan Yaman su ne suka fi daɗewa a inda suke. Sun zauna ƙarƙashin sarakuna da limaman Musulmi sama da shekara 1,300, mafi yawansu maƙeran azurfa da masu sana'ar hannu, har zuwa 1949 da 1950, lokacin da jiragen sama suka kwashe kusan 49,000 daga Adan zuwa Isra'ila.