Daga Tokyo Zuwa Kwanar Ɗangora: Tarihin Wasu Littattafan Soyayya Masu Zane

Yau tarihi na kawo muku maimakon ci gaban labari, kuma tarihin wani irin adabi ne da ba a cika zancensa a fili a wajenmu ba, alhali kuwa duk yaro ko yarinyar da ke riƙe da waya a Bebeji ko Kiru ko Tudun Wada ko Doguwa zai iya kaiwa gare shi kafin uwarsa ta sauke tukunya. Ina nufin littattafan nan masu zane na ƙasar Japan waɗanda ake kira manga, musamman reshensu da ke ba da labarin soyayya tsakanin namiji da namiji. Na san wani zai ce a'uzubillahi, me ya kawo wannan zance? Amsata ita ce, rashin sani ya fi dare duhu, kuma wanda bai san asalin abu ba ba zai san yadda zai yi da shi ba in ya shigo masa gida.

Da farko dai, mu a nan duk abin da aka zana mun ɗauke shi katun ne, kayan yara. A Japan ba haka abin yake ba. Manga littafi ne kamar kowane littafi, akwai na yara, akwai na 'yan mata, akwai na magidanta, ana karanta shi daga dama zuwa hagu kamar yadda muke karanta ajami. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, wannan reshe da muke magana a kai mata ne suka ƙirƙiro shi, mata ne mafi yawan masu rubuta shi, kuma mata ne mafi yawan masu sayensa. To yaya aka yi haka? Sai mun koma baya.

A zamanin da, Japan tana da tsohuwar al'adar rubuta irin waɗannan labarai, musamman game da mayaƙan samurai da 'yan wasan dandamali. A shekarar 1687 wani marubuci mai suna Ihara Saikaku ya fitar da littafi sukutum a kan haka. Kafin nan, a 1629, hukuma ta hana mata hawa dandamalin wasan kabuki, sai maza suka koma su ne ke fitowa a matsayin mata. Bayan kusan shekara ɗari uku kuma sai aka juya abin: a 1914 ƙungiyar wasan Takarazuka ta fara wasa, wadda 'yan wasanta duka mata ne, su ke fitowa a matsayin maza, kuma 'yan mata ne suka fi cika ɗakin kallo. Osamu Tezuka, wanda ake yi wa kallon uban manga na zamani, a garin Takarazuka ya tashi, kuma a 1953 ya zana wa 'yan mata labarin wata gimbiya da ke rayuwa a matsayin yarima. Kun ga ke nan ido da kunnen mai karatu a can sun daɗe da sabawa da musanya riga tsakanin mace da namiji a cikin labari.

Har zuwa shekarun 1960 maza ne ke zana yawancin littattafan 'yan mata. Sai a wajen 1970 wasu 'yan mata suka shigo sana'ar da ƙarfinsu, aka yi musu laƙabi da 'Yan Shekara ta 24, domin yawancinsu an haife su ne a kusa da shekara ta 24 ta sarautar Sarki Hirohito, wato 1949. Fitattu a cikinsu su ne Moto Hagio da Keiko Takemiya, waɗanda suka zauna gida ɗaya a unguwar Oizumi ta birnin Tokyo. A ƙarshen 1970 Takemiya ta fitar da wani gajeren labari wanda ake lissafa shi na farko a wannan fanni. A 1974, shekarar da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a nan Bebeji zamanin Gwamna Audu Bako, Hagio ta fara buga Zuciyar Thomas, labarin ɗaliban wata makarantar kwana a Jamus. A 1976 Takemiya ta fara Waƙar Iska da Itatuwa, wanda ta shafe shekaru tana fama da editoci kafin su yarda su buga shi, aka yi ta sakin sa kashi-kashi har 1984. Shi kuma a Faransa ta ajiye labarin, kuma cike yake da baƙin ciki da cin zarafi, ba littafin yara ba ne ko kusa.

Ku lura da abu guda. Waɗannan mata ba su ajiye labaransu a Japan ba, sun kai su Turai, kuma ba su sa mace a matsayin tauraruwa ba. Dalilin da masu nazari da su kansu marubutan suka sha bayarwa shi ne, a lokacin an riga an shata wa tauraruwar labarin 'yan mata hanya: ta yi kunya, ta yi haƙuri, ta jira a zo a aure ta, ta haihu, labari ya ƙare. In marubuciya ta sa yarinya ta yi magana gatse-gatse ko ta nuna abin da ke ranta, edita zai soke, iyaye su yi ca. Sai suka ari fuskar namiji suka ɗora wa abin da ke zuciyar mace. Shi ya sa in ka ga zanen samarin, da dogon gashi da siririn jiki da manyan idanu, sai ka rantse 'yan mata ne. Wato dai an fake da guzuma ne domin a harbi karsana.

Daga nan sai kasuwa ta buɗe. A watan Disamba na 1975 aka fara wata kasuwar littattafai a Tokyo mai suna Comiket, inda masu zane ke buga aikinsu da kuɗin aljihunsu su kasa su sayar. Ranar farko ƙungiyoyi 32 ne suka kasa kaya, mutane kamar 700 suka halarta. A Disamban 2019 kuwa, masu shiga sun kai kimanin 750,000 cikin kwana huɗu. A 1978 aka kafa mujallar June domin irin waɗannan labarai kaɗai. A wannan tsakanin ne kalmar yaoi ta fito, kuma asalinta ba'a ce da marubutan ke yi wa kansu, an harhaɗa ta ne daga wata magana da ke nufin labari ba tsani, ba ƙarshe, ba ma'ana. A shekarun 1980 'yan mata suka riƙa ɗauko 'yan ƙwallon cikin labarin Captain Tsubasa, wanda aka yi domin yara maza, suna sake rubuta su a matsayin masoya. Da manyan kamfanoni suka ga akwai kuɗi a ciki, sai suka karɓe harkar a shekarun 1990, suka raɗa mata suna Boys' Love, ko BL a taƙaice.

Kada mai karatu ya zaci a can kowa ya yi na'am. A 1992 wani mutum mai suna Masaki Sato, wanda shi kansa yana cikin masu neman jinsi ɗaya, ya rubuta kakkausar suka yana cewa matan nan sun mayar da irinsa 'yar tsana, suna zana rayuwar da ba su san komai a kanta ba, aka yi shekaru ana musayar alƙalami. A 2008 ɗakunan karatu na birnin Sakai suka kwashe fiye da littafi dubu biyar na BL daga kan kanta saboda ƙorafi, wasu kuma suka tayar da ƙura har aka janye matakin. A ƙasar Sin, inda ake kiran irin wannan rubutu danmei, kotu ta ɗaure wata marubuciya mai laƙabin Tianyi shekara goma a 2018, amma a 2019 wasan talabijin da aka ciro daga irin waɗannan littattafai, bayan an tace shi, ya zama abin kallon miliyoyi. Tailan kuwa ta mayar da abin sana'ar fim tun daga wajen 2014. Ita Japan ɗin da ta haifi abin, har zuwa 2025 dokar ƙasarta ba ta amince da auren jinsi ba.

To yanzu mu dawo gida, domin a nan ne tarihin ya fi ba ni sha'awa. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta ba mu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, duk maza ne suka fito a cikinta. Sai a 1980 aka buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed. A tsakiyar shekarun 1980 Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina, a 1987 Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya, a 1990 ta biyo da Alhaki Kuykuyo Ne. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991, Bilkisu Funtuwa ta zo da Allura Cikin Ruwa. Yawancinsu da kuɗin aljihu aka buga su, kamar dai 'yan Comiket. Daga kasuwannin Kano littattafan ke biyo motocin hanyar Zariya, a sauke wasu a Kwanar Ɗangora, wasu su miƙe Tudun Wadan Ɗankadai, su ratsa dajin Falgore har Doguwa da Riruwai. Waɗanda suka yi zamanin za su tuna yadda ake aiken yaro ya karɓo haya, littafi ɗaya ya zaga gida biyar har bangonsa ya cire, na ɗaya yana hannun amarya, na biyu yana hannun uwargida.

Abin da ya kori 'yan matan Tokyo zuwa makarantun kwana na Turai shi ne ya zaunar da matan Kano a gaban takarda: an hana mace faɗin abin da ke ranta. Sai dai hanya ta rabu. Matanmu ba su ari fuskar kowa ba. Sun sa mace a tsakiyar labari da sunanta da garinsu, suka kira auren dole da sunansa, suka yi magana kan kishi da saki da hana yarinya karatu, kuma duk suka yi shi a cikin da'irar aure da addini. A ganina wannan ya fi buƙatar ƙarfin hali, domin wadda ta ɓuya a bayan wani ba ta shan jifa kamar wadda ta tsaya a fili. Kuma sun sha jifar. A shekarun 1990 an yi ta muhawara a jaridu, Ibrahim Malumfashi ya kira abin Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu ya tsaya wa marubutan. A 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano, a 2007 kuma aka ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a a zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau.

Game da abin da littattafan BL suka ƙunsa, matsayin addininmu sananne ne ga kowa, haka ma na doka: Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, Shugaba Goodluck Jonathan kuma ya sa hannu a dokar hana auren jinsi a Janairun 2014. Ba wannan nake son nanatawa ba. Abin da nake son a duba shi ne, a 2007 littafi takarda ne, ashana na iya cin sa. Yau labari yana cikin WhatsApp da Wattpad, manga kuma ana fassara shi zuwa Turanci a zuba a intanet kyauta. Uba zai leƙa wayar 'yarsa ya ga zane mai manyan idanu ya ce ai katun ne, ya wuce. Wani kuma in ya gane sai ya fasa wayar ya hau ta da duka, gobe ta ari ta ƙawarta. Duka biyun ba su tambayi abin da ya kamata ba: me yarinyar nan take nema a labari wanda ba ta samu a namu ba?

Tarihin nan ya nuna amsar. 'Yan matan Japan sun ruga wajen waɗannan littattafai ne saboda sun gaji da tauraruwar da ba ta da baki, suna son labarin da masoya biyu ke tsaye kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ɗaya ke sama ɗaya ke durƙushe ba. Wannan ƙishirwa ce da marubucin Hausa zai iya kashewa ba tare da ya tsallake iyakar addininsa ba, in ya daina ba mu attajiri mai mari da yarinya mai kuka daga shafin farko har na ƙarshe. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna cewa matanmu na da labarai masu nauyi. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne zane. Ina masu zanen da za su haɗa hannu da marubuta su ba mu labarin masunta a bakin ruwan Tiga, ko na mahaƙan kuza a Riruwai, ko na ɗalibar da ke taka sayyada daga ƙauye zuwa makaranta a Kiru? Matan Oizumi ba su fi shekara ashirin da 'yan kai ba lokacin da suka fara, kuma da alƙalami da takarda suka fara.

Iyaye kuma ina roƙonku, ku riƙa tambayar sunan abin da 'ya'yanku ke karantawa da wanda suke kallo, ku zauna ku ji labarin daga bakinsu kafin ku yanke hukunci, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma wanda ya tanƙwara da ƙarfi karya shi yake yi.

A nan zan dasa aya. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ƙara wa marubutanmu basira. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, wassalam.